Waɗanda Hanya ta Zame wa Gida: Nazarin Lamarin Maziyartan Dindindin a Tsibirin Shikoku

A gefen tsofaffin hanyoyin tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, a mararraba ko a bakin gonar shinkafa, akan tarar da duwatsun da aka sassaƙa aka kafa a tsaye domin shiryar da matafiya. A saman dutsen akwai siffar hannu yana nuni da yatsa, a ƙasa an rubuta sunan haikalin da ke gaba, a wani gefen kuma an rubuta sunan wanda ya yi ɗawainiyar kafa shi tare da yawan zagayen da ya yi wa tsibirin a lokacin. Sama da 200 daga cikin waɗannan duwatsu suna ɗauke da suna guda, wato Nakatsukasa Mohei, kuma wanda ya bi su a tsanake zai ga lissafin yana hawa: wannan an kafa shi a zagaye na 88, wancan a na ɗari da wani abu, na gaba a na ɗari biyu da ɗoriya. Mutumin ya baro garinsu da ke yankin Yamaguchi na yanzu a shekarar 1866 yana saurayi, ya shiga wannan hanya ta ziyarar haikalan addinin Buda da ke zagaye tsibirin, bai sake komawa gida da zama ba har ya rasu a 1922 a cikin zagayensa na 280. Shekara 56 ke nan yana tafiya a ƙasa, kusan zagaye biyar a kowace shekara.

Mohei shi ne mafi shahara, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma irinsa ba su ƙare ba. Har yau akwai mutanen da suka mayar da wannan hanyar ziyara mazauninsu, suna zagayawa shekara da shekaru, ba su da wani adireshi sai inda dare ya riske su. Wannan nazari ya tsaya ne a kansu, da kuma tambayar da zamansu ya daɗe yana jefa wa mutanen tsibirin: al'ummar da al'adarta ta wajabta mata karrama mai wucewa, yaya za ta yi da wanda yake wucewa yau, ya dawo bayan wata uku, ya sake dawowa, har tsufa ya cim masa a kan hanyar?

Hanyar da ba ta da ƙarshe

Shikoku shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin manyan tsibiran Japan guda huɗu, kuma hanyar ziyarar ta ratsa jihohinsa huɗu, Tokushima da Kochi da Ehime da Kagawa, tana haɗa haikalai 88 a tsawon kimanin kilomita 1,200. Mai ƙarfi yakan gama ta a ƙasa cikin kwana 40 zuwa 50. Ana jingina ta ga Kukai, malamin addinin Buda da aka haifa a tsibirin a shekarar 774, ya kafa ɗariƙar Shingon, ya rasu a 835, daga baya aka ba shi laƙabin Kobo Daishi. A aƙidar maziyarta, wannan malami yana tafe tare da duk wanda ya ɗauki hanyar, shi ya sa ake rubuta wa maziyarci kalmomin "dogyo ninin" a malafarsa da jakarsa, ma'ana su biyu ne ke tafiyar ko da ana ganinsa shi kaɗai.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne siffar hanyar kanta. Yawancin ziyarorin addini suna da wuri guda da ake nufa, idan an isa an sauke farali sai a juyo gida. Ta Shikoku kuwa da'ira ce. Daga haikali na 88, Okuboji, zuwa na ɗaya, Ryozenji, tafiyar yini ɗaya ce zuwa biyu, kuma da yawa sukan ƙarasa wannan ɗan saura domin su rufe da'irar. Wanda ya rufe ta sai ya tsinci kansa tsaye a ƙofar da ya fara, haikali na biyu kuma yana nan gaba da tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Babu dokar da ta ce a fara daga wuri kaza, ko a bi jeri, ko a gama cikin kwana kaza, kuma babu hukumar da ke rubuta sunan mai shiga ko ta sallami mai fita. Saboda haka babu wani abu a cikin tsarin da zai ce wa mutum ya isa haka.

Al'adar ma ƙarfafa maimaici take yi. Maziyarci yana riƙe da littafi wanda ake buga masa jan hatimi a kowane haikali, kuma idan ya dawo karo na biyu ba a buɗe masa sabon shafi, a kan na da ake ƙara bugawa, har shafin wanda ya daɗe ya rine ja wur ba a iya karanta rubutun da ke ƙasa. Haka nan 'yar takardar da yake ajiyewa a kowane haikali mai ɗauke da sunansa, launinta yana sauyawa da yawan zagayensa: fara ga sabon shiga, sai koriya, sai ja, sai ruwan azurfa, sai ruwan zinariya daga zagaye na 50, sai ta saƙaƙƙen yadi mai ado ga wanda ya kai 100. Mutane sukan nemi wannan ta ƙarshe su adana a gida domin neman albarka. Hanyar da ta ware daraja ta musamman ga wanda ya zagaya sau ɗari ba za ta yi mamaki ba idan wasu suka ƙi sauka daga kanta.

Tufafin maziyarcin ma suna faɗin wani abu. Farar rigar da yake sakawa a matsayin likkafani take, sandarsa kuma an sassaƙa kanta da siffar alamar kabari, domin a da idan ya faɗi a hanya ita ake kafawa a kansa. Wannan sanda ana ɗaukarta a matsayin jikin Kobo Daishi, shi ya sa idan maziyarci ya isa masauki, kafin ya wanke ƙafarsa sai ya fara wanke gindinta ya goge, ya jingine ta a wuri mai tsabta. Ma'anar duk wannan ita ce mai shiga hanyar ya yi sallama da duniyar da ya sani. Ga mafi yawan mutane sallamar ta wata biyu ce, ga wasu kuwa ta zama ta gaske.

Sadakar da ba a mayarwa

Da'ira kaɗai ba za ta riƙe mutum shekaru ba sai da abin da zai ci. Abin da ya sa zaman ya yiwu shi ne al'adar da ake kira "osettai", wato kyautar da mazauna tsibirin ke yi wa maziyarci: lemo, dunƙulen shinkafa, kofin shayi, 'yan kuɗi, wani lokaci wurin kwana. Ladabin abin shi ne ba a ƙin karɓa, domin mai bayarwa yana ganin Kobo Daishi yake ba wa, kuma yana samun rabo a ladan tafiyar da shi bai samu ikon yi ba. Mai karɓa yakan haɗa hannu ya ambaci sunan malamin sau uku, ya miƙa 'yar takardarsa. Sau da yawa mai bayarwar ne yake yin godiya. Wannan juyin yana da muhimmanci ƙwarai wajen fahimtar lamarin, domin ya sa wanda ba shi da komai ya zama mai abin bayarwa.

Tushen al'adar yana cikin wata hikaya da kowane maziyarci ya sani. An ce wani attajiri marowaci mai suna Emon Saburo ya kori wani malami mai bara daga ƙofarsa, ya fasa masa ƙoƙo gida takwas, daga nan 'ya'yansa takwas suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da ya gane wanda ya wulaƙanta, sai ya rabar da dukiyarsa ya bi bayansa neman gafara, ya zagaya tsibirin sau 20 bai same shi ba, sannan ya juya ya bi hanyar ta baya, ya gamu da shi yana gargarar mutuwa kusa da haikali na 12. Hikaya ce, ba tarihi ba, amma abin da take koyarwa a fili yake ta fuska biyu. Tana gargaɗin mai gida kada ya kori mabaraci domin bai san ko wane ne ba, kuma tana nuna cewa wanda ake ɗauka a matsayin maziyarci na farko mutum ne da ya bar gida ya zauna a kan hanya har mutuwa.

Yadda kowane zamani ya yi da su

A zamanin mulkin Tokugawa, daga ƙarni na 17 zuwa 1868, talaka ba ya barin yankinsa sai da takardar izini daga haikalin garinsu ko dagacinsa, kuma ziyara tana cikin 'yan dalilan da ake yarda da su. Bayan da wani malami mai suna Shinnen ya fitar da littafin jagorar hanyar a 1687, ya kafa duwatsun alama da masauki, talakawa suka fara shiga da yawa. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne abin da akan rubuta a cikin takardun izinin: idan mai wannan takarda ya mutu a hanya, a binne shi bisa al'adar wurin, ba sai an aiko da labari gida ba. Ga manomin da ya fito da bazara zai koma kafin shuka, wannan rigakafi ne kawai. Ga gurgu da makaho da mai ciwon da ba ya warkewa da wanda yunwa ta koro, takardar sallama ce daga danginsa. Ƙananan kaburburan da ke warwatse a gefen hanyar har yau na irin waɗannan mutane ne.

Hukumomin wancan zamani ba su yi maraba da su ba. Masarautar Tosa, wadda ita ce Kochi ta yanzu, ta ƙayyade ƙofofin da maziyarci zai shiga ya fita da kwanakin da zai yi, ta hana shi kauce wa hanya. Su ma talakawan da ke ba da sadakar sun raba suna biyu. Mai tsabta da zai wuce ya koma gida "ohenro-san" ne, da girmamawa, mai tsumma da ke dawowa kullum kuwa "hendo" ne, kalmar raini da har iyaye kan tsorata yara da ita. Duk da haka ba a daina zuba masa ɗan hatsi a ƙoƙo ba, domin tsoron abin da ya sami Emon Saburo bai bar zukata ba.

Da gwamnatin Meiji ta zo a 1868 da burin gina ƙasa ta zamani, sai mai yawo ba aiki ya zama abin kunya ga ƙasa. Aka tsananta wa bara, 'yan sanda suka riƙa kamen maziyarta marasa galihu suna korarsu. A 1886 wata jaridar Kochi mai suna Doyo Shimbun ta yi sharhi tana kira da a hana maziyarta shiga, tana zarginsu da yaɗa cututtuka da sata da lalaci. A wannan shekarar ce kuma Mohei ya fara kafa duwatsunsa domin tunawa da zagayensa na 88. Ina ganin haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a shekara guda ta tattara lamarin gaba ɗaya, domin a lokacin da masu ilimin birni ke neman a share irinsa daga hanya, shi yana tara gudummawar jama'a yana gyara hanyar domin kada na baya su ɓata, kuma duwatsun nasa suna aiki har yau.

Mafi nauyin babi a wannan tarihi shi ne na kutare. Iyalan da kuturta ta shiga gidansu sukan rasa auren 'ya'yansu da huldar maƙwabta, saboda haka da yawa sukan sallami mai ciwon da dare ya tafi Shikoku, da fatan waraka a baki, da sanin ba zai dawo ba a zuci. Masaukai ba sa karɓarsu, har aka samu wasu 'yan hanyoyi a cikin duwatsu da suke bi domin kauce wa idon mutane. Dokar 1907 ta fara tattara kutaren da ke yawo, aka buɗe sansanin killacewa a ƙaramin tsibirin Oshima da ke gaɓar birnin Takamatsu a 1909, dokar 1931 ta faɗaɗa killacewar ta shafi duk mai cutar. Ba a soke wannan tsari ba sai 1996, shekaru da dama bayan samun maganin cutar, kuma a 2001 wata kotu a Kumamoto ta yanke hukuncin cewa gwamnati ta zalunce su. Kafin sansanin, hanyar tana cikin 'yan wuraren da suka karɓe su, duk da cewa karɓar ba ta wuce ɗan abinci a bakin ƙofa ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu lamarin ya kusa gushewa. Dokar ƙananan laifuka ta 1948 ta haramta bara, dokar tallafin rayuwa ta 1950 ta ba matalauci wata mafita, a 1953 kuma kamfanin jirgin ƙasa na Iyo ya fara kai maziyarta a motar safa, ziyarar ta koma ta masu kuɗin mota da otal. Sai a shekarun 1990, bayan durƙushewar tattalin arzikin Japan, tafiya a ƙasa ta farfaɗo, kuma tare da matasa masu neman ma'anar rayuwa da tsofaffi masu ritaya, aka ga dawowar waɗanda aiki da gida suka kuɓuce musu. Ƙidayar gwamnati ta 2003 ta sami mutum 25,296 marasa matsuguni a faɗin ƙasar, kuma ba abin mamaki ba ne wasu daga cikin masu irin wannan hali su gwammace farar riga da sanda a kan kwalin da ake shimfiɗawa a tashar jirgi.

Rayuwar yau da kullum

Ana gane maziyarcin dindindin tun daga nesa da kayansa. Mai zagaye guda yana goye da jaka mara nauyi, shi kuwa yakan tura 'yar kura ko keke da aka ɗaure wa tanti da bargo da tukunya da leda mai kare ruwa, domin abin da ya mallaka duka yana tare da shi. Rigarsa ta daɗe da barin fari, sandarsa ta gajarce saboda cin ƙasa. Ba ya sauri, domin ba shi da jirgin da zai kama. Ya san rumfar da ba ta yoyo, da famfon da ke da ruwa, da haikalin da ke barin mutum ya kwana a ɗakin baƙi kyauta, da gidan da mai shi ya ware ɗaki domin maziyarta, irin masaukin da ake kira "zenkonyado". Ya san cewa tsakanin haikali na 23 da na 24 akwai fiye da kilomita 70 na bakin teku, tsakanin na 37 da na 38 kuma fiye da 80, saboda haka ya san inda zai tanadi abinci. Sababbin maziyarta da yawa daga bakin irinsa suke samun labarin da babu shi a taswira.

Kuɗin da yake samu yawanci daga tsayuwa ne da ƙoƙo a kusa da ƙofar haikali ko kanti, yana karanta addu'o'insu. Wannan bara ta ibada tsohuwar al'ada ce da a da ake so kowane maziyarci ya taɓa yi domin karya girman kai, kuma ita ce ta sa doka ba ta cika damuwa da mai kayan ziyara ba. Amma haikalai da dama sun kafa sanarwar hana ta a harabarsu. Hatimin littafi ma da kuɗi ake buga shi, kuma daga watan Afrilu na 2024 ya tashi daga yen 300, kuɗin Japan, zuwa 500 a kowane haikali, wato yen 44,000 a zagaye guda. Wanda ke rayuwa da abin da ya faɗo cikin ƙoƙo sau da yawa ba zai iya wannan ba, sai ya yi addu'arsa ya wuce, tafiyarsa ta zama ba ta da shaida a rubuce.

A nan ne rashin daidaiton da ya fi damuna yake. Akwai masu hali da suka kamu da abin da ake kira "ciwon Shikoku", wato kasa daina dawowa, suna zagayawa a mota cikin kwana goma, har su tara zagaye ɗari. Irin wannan yana samun takardar saƙaƙƙen yadi, kuma ƙungiyar haikalan tana iya naɗa shi jagoran maziyarta, muƙamin da ake fara nema bayan zagaye huɗu da shaidar wani haikali. Wanda ya taka hanyar da ƙafarsa shekara goma, ruwa da sanyi da guguwar ƙarshen damina duk a kansa, shi ake kira "shokugyo henro", wato wanda ya mayar da ziyara sana'a, kuma kalmar zargi ce. Dukansu biyu sun kasa rabuwa da hanyar. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana da ƙofar da zai koma ya rufe, ɗayan ba shi da ita.

Abin da ya faru a 2003

Lamarin da ya fi girgiza amanar da ke tsakanin mazauna da waɗannan mutane ya faru ne a 2003. Wani dattijo mai shekara 80 ya yi shekaru yana zagaya tsibirin da kurarsa, yana rubuta gajerun waƙoƙi, mutane suna ƙaunarsa suna ba shi masauki, har aka buga waƙoƙinsa. Gidan talabijin na NHK ya yi shiri a kansa a matsayin misalin mai tsantsar ibada. Wani ɗan sanda da ya kalli shirin ya gane shi, ashe ana nemansa tun shekara 12 da suka wuce bisa zargin daɓa wa wani wuƙa a Osaka. Aka kama shi.

Waɗanda dama suke ƙyamar masu kura sun sami hujja, suka ce ga irin abin da farar riga ke ɓoyewa. Amma idan aka duba da kyau, labarin bai zo da sabon abu ba game da hanyar, domin tun daga hikayar da aka gina ta a kai, wuri ne da mai laifi ke zuwa da nauyinsa. Ba na cewa tafiya tana goge haƙƙin wanda aka cuta, domin wannan na kotu ne, kuma daidai ne da aka gurfanar da shi. Abin da nake cewa shi ne mutanen da suka ba shi shinkafa ba a yaudare su ba ta fuskar da al'adarsu ta ginu a kai, tunda "osettai" ba ta taɓa tambayar mutum tarihinsa kafin a miƙa masa ba. Abin da ya sauya bayan 2003 shi ne an fara tambayar, kuma waɗanda tambayar ta fi faɗa wa su ne masu kama da shi a tufafi da kaya, waɗanda ba su yi wa kowa komai ba.

Koken mazauna, da abin da ke cikinsa na gaskiya

Zai zama rashin adalci a ɗauka cewa duk mai ƙorafi marowaci ne. Mutanen tsibirin ba su kai miliyan 4 ba, suna raguwa, kuma ƙauyukan da hanyar ta ratsa sun cika da tsofaffi. Rumfunan hutawa da masaukan kyauta yawanci mutum ɗaya ne ko 'yan unguwa ke share su, su biya wuta da ruwa daga aljihunsu. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, kuma a kan irin wannan fahimta aka gina waɗannan wurare: dare ɗaya, da safe a wuce. Idan wani ya zauna kwana biyar a rumfar da aka yi domin hutun sa'a guda, ko ya hura wuta kusa da ginin katako, ko ya sha giya ya yi rigima, ko ya matsa wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da roƙo, to ba mutum ɗaya ya ɓata wa rai ba, ƙofar ce take rufuwa ga kowa. An rufe masaukan kyauta da dama saboda irin wannan, ko saboda mai kula da su ya tsufa babu magaji, annobar korona ta 2020 kuma ta ƙara rufe wasu. Wurare da yawa da a da ake kau da kai idan an kafa tanti yanzu an manna musu takardar hani.

Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika furtawa ba. A 2015 gwamnati ta sanya hanyar cikin jerin kayan gadon Japan, jihohin huɗu kuma sun daɗe suna neman hukumar UNESCO ta amince da ita, kuma babban abin da suke alfahari da shi a wannan nema shi ne al'adar "osettai". Maziyarcin da ya dace da wannan hoto shi ne baƙo daga ƙetare ko ɗan birni mai kwana a masaukin kuɗi, wanda lemon da aka ba shi alama ce ta karamci, ba abincin darensa ba. Mai kura kuwa yana tuna wa kowa cewa al'adar ta samo asali ne daga ciyar da mai jin yunwa da gaske. A garin Ozu na jihar Ehime akwai wata gada da ake kira Toyogahashi, inda aka ce Kobo Daishi ya kwana a ƙarƙashinta cikin sanyi bayan kowa ya hana shi masauki, har dare ɗaya ya zame masa kamar goma. Saboda wannan ne maziyarta ba sa dogara sanda idan suna tsallaka gada, kada su tashe shi. A ƙarƙashin gadar akwai gunkinsa na dutse a kwance, mutane suna kawo barguna suna lulluɓe shi. Al'ummar da ta riƙe wannan labari da irin wannan tausayi tana da duk abin da take bukata domin ta gane mutumin da ke neman inda zai kwana a daren yau, kuma da yawa daga cikin mutanenta suna ganewa.

Ana iya tambaya me ya sa ba sa karɓar tallafin gwamnati su zauna wuri guda, tunda dokar tana nan. Wasu suna karɓa idan ƙarfi ya ƙare. Amma neman tallafin yakan haɗa da tuntuɓar dangi a tambaye su ko za su iya ɗaukar nauyin mutum, kuma wanda ya bar gida saboda bashi ko kunya ko saɓani yakan gwammace yunwa da a aika wa ɗan'uwansa irin wannan wasiƙa. Bayan haka akwai maganar mutunci. A ofis shi mai neman taimako ne da za a bincika, a ɗakin haya kuma tsoho ne da ba wanda ke ƙwanƙwasa masa ƙofa. A kan hanya yana da aikin yi kowace safiya, yana da suna da ake kiransa da shi cikin ladabi, ana tsayar da shi a roƙe shi ya yi wa wani mamaci addu'a a haikali na gaba. Duk shirin da za a yi domin taimakonsu, idan bai lissafa da wannan ba, zai ba su rufin ɗaki ne ya karɓe musu abin da ya riƙe su a raye.

Abin da ya rage shi ne ranar da ƙafa za ta gaza, domin mafi yawansu ba yara ba ne, kuma hanyar tana da hawa irin na haikali na 12 da na 66 da ke gajiyar da matasa ma. Wanda ya yi sa'a wani mai masauki ko malamin haikali da ya saba da shi yakan kai shi asibiti ya tsaya masa wajen cike takardu. Wanda aka tsinci gawarsa a rumfa ko a tanti ba tare da wata shaida ba, yana faɗawa ƙarƙashin wata doka ta 1899 da ta shafi matafiyin da ya yi ciwo ko ya mutu a hanya, wadda har yanzu tana aiki. Ƙaramar hukumar wurin ce ke ɗaukar nauyin gawar, ta ƙone ta bisa al'adar ƙasar, ta adana tokarsa, sannan ta buga sanarwa a jaridar gwamnati mai bayyana kimanin shekarunsa da tsayinsa da tufafin da ke jikinsa da abin da aka samu a cikin kayansa, ko wani zai gane shi ya zo.